Wa ya taɓa gwada rabuwa da kallon fuskar waya?

Telan Unguwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Likitan ido ya ce in rage kallon waya, don da dare idona har ruwa yake yi. Sai na sayi ɗan abin kunne na bulutut, waya tana aljihu, ina taka keke ina sauraron saƙon murya. Sati uku ke nan. Ya yi mini, sai dai in zan duba alat dole in zaro wayar. Akwai wanda ya gwada agogo, zobe ko tabarau ɗin nan da ake cewa su za su gaji waya? Abin da ya same ku nake son ji, ban da na talla.

Direban Tirela: Wa alaikumus salam maigida. Kano zuwa Legas nake yi, hannuna kullum a kan sitiyari, don haka na gwada ba waya umarni da baki. Na ce a kira mini Hajiya Babba, sai ga muryar bakanike yana tambayata ko motar ce ta sake tsayawa. Sai na murɗe harshe na yi Turancin hanci kafin a gane ni, ga ƙarar inji. Na haƙura. Yaron motata ya fi ta jin magana.

Malamar Islamiyya: Ni zoben tasbihi aka kawo mini tsaraba daga Umra. Da babban yatsa ake dannawa, in an kai 33 ya ɗan girgiza, lokacin salla ma haka. Abin da na fi so, ina lazimi ba na ɗaukar waya balle WhatsApp ya ja ni. Na kai wa Inna ta gwada, ta juya shi ta juya, ta miƙo mini ta ce carbinta bai taɓa neman caji ba.

Mai Gyaran Waya: Malam Tela, bari in ja maka kunne kafin ka zuba kuɗi. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano nake aiki, agogunan nan ana kawo mana su kullum. Yawancinsu da gam aka liƙe, in batir ya kumbura sai ka buɗe ka rasa yadda za ka mayar. Sannan akwai abin da ya fi wannan. Wani kamfanin Amurka, Humane, ya fito da AI Pin a 2024, ɗan abu ne da ake maƙalawa a gaban riga, ba shi da allo, ka yi masa magana ya amsa, ko ya haska maka rubutu a tafin hannu. Dala 699, ga dala 24 duk wata. Shekara ba ta cika ba kamfanin kwamfuta na HP ya sayi kadarorin Humane a kan dala miliyan 116, a ƙarshen Fabrairun 2025 aka kashe manyan kwamfutocin da yake dogaro da su, ya zama maɓalli mai tsada. Ƙwaƙwalwar irin waɗannan ba a cikinsu take ba, tana can wata ƙasa. To mu da netwok ke ɗaukewa daga an yi hadari fa? Rakani-kashi mai tocila tana kwana biyar da caji ɗaya, kuma ba wanda zai kashe maka ita daga Amurka.

Mai Lalurar Gani: Dariya kuke ba ni wallahi, abin da kuke kira na gobe ni shi ne rayuwata shekara da shekaru. Hasken wayata a ƙasa yake ƙurmus, manhaja ce ke karanta mini duk inda na taɓa. Da kunne nake tura kuɗi. Matsalata ɗaya, Hausa. Muryar tana karanta ta kamar Baturen da ya sauka jiya, in ta zo kan ƙ ko ɗ sai ta yi tuntuɓe. Tun 2013 Google ya sa Hausa a manhajar fassararsa, amma fassara rubutu daban, jin magana daban. Wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha, a rubuce kalma ɗaya ce, sai a baki suke rabuwa. Ni tabarau na Ray-Ban Meta nake buri, mai kyamara, ya faɗa mini abin da ke gabana.

Uwar Biyu: Yaya, Allah ya cika maka burinka, kai kam ka cancanta. Amma a wajen biki na ga wani yaro da irinsa a ɓangaren mata. Waya in an ɗaga ta, ka gani ka ja mayafi. Wannan fa? Sai da uwar amarya ta sa ya cire.

Telan Unguwa: Na gode ƙwarai. Hajiya, nima jiya asirina ya tonu. Cajin abin kunnen ya ƙare ban sani ba, na danna saƙo, sai ga muryar mai shadda tana cika shago yana tambayar cikon kuɗinsa, ga kwastoma uku a kan benci. Mai Gyara, ranar Asabar ina tafe, akwai wanda ke yin ƙara kafin ya mutu?

Mai Gyaran Waya: Akwai. Ka taho da cikon mai shadda tukuna.