Saran kububuwa a lokacin kaka: me ake yi kafin a isa asibiti?

Mai gona: Assalamu alaikum. An shiga yankan gero da cirar gyaɗa, kuma kowa ya san yanzu ne sara ke yawa. Masu aikin asibiti da waɗanda suka daɗe a daji, ku taimaka mana dalla-dalla: daga lokacin da maciji ya sari mutum a gona har ya isa hannun likita, me za a yi, me za a bari?

Ma'aikacin jinya: Wa alaikumus salam, Malam. A yankin Gombe, Taraba, Bauchi da kudancin Filato, akasarin waɗanda ake kawowa kububuwa ce ta sare su. Gajeriya ce, da wuya ta wuce santimita 60, launin ƙasa da ɗigo-ɗigo fari a gefe. Dafinta yana hana jini daskarewa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne wanda aka sara yakan tashi da ƙafarsa, ya ci abinci, ya yi hira, sai kumburi kawai. Bayan sa'o'i sai dasashi ya fara jini, ga haɓo, ga fitsarin jini, har tsohon miki ya ɓalle. Wani sai a kwana na uku ko na biyar jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ba a banza ake kiranta gobe da nisa ba. Idan babu magani, cikin mutum goma ana iya rasa ɗaya ko biyu.

A gona: a janye shi daga wurin, a zaunar da shi, a kwantar masa da hankali. A cire zobe, agogo, warwaro da takalmi tun kumburi bai kama ba. A sa kara ko sanda a gefen ƙafar a naɗe sako-sako kamar ɗori, don kada gaɓar ta motsa. Kada ya taka, a ɗauke shi. In babur ne, a sa shi a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya. A lura da ƙarfe nawa aka sare shi, za a tambaya.

Makiyayi: Malam nas, mu a ruga abin da muka gada shi ne a ɗaure saman wurin da igiya ko robar taya, a tsaga, a tsotse. Kana nufin duk a bari?

Ma'aikacin jinya: A bari gaba ɗaya, Baba. Ɗauri mai tsauri yana tsayar da jinin da ke ciyar da ƙafar, in ya ɗauki sa'o'i nama ya mutu, ƙarshenta a yanke ƙafar da dafin kansa bai isa ya lalata ba. Tsaga kuwa ita ce mafi muni a saran kububuwa: jinin ba ya daskarewa, ka buɗe masa ƙofa da aska. Tsagar wanzami tana iya kwana tana tsiyaya. Tsotsa, ƙaho da baƙin dutse ba sa fitar da dafin, don ya riga ya shige nama. Idan an riga an ɗaure tun da daɗewa, kada a kwance a hanya, a bari a sassauta a asibiti inda ake da kayan taimako.

Mai ɗakin gwaji: Gwajin da ke raba gardama ba ya buƙatar wuta ko na'ura. A ɗebi jini kamar mililita 2 daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20 ba tare da girgizawa ba, sannan a karkata. In ya daskare, to. In ya kwarara kamar ruwa, dafi ya shiga jini, a ba da allurar maganin dafin maciji. Kurakurai biyu ne ke ɓata shi: amfani da kwalbar roba ko sirinji, da kwalbar da aka wanke da omo. Dukkansu suna hana ko lafiyayyen jini daskarewa, sai a ɓarnatar da allura mai tsada. Sannan gwajin farko zai iya fitowa lafiya idan an zo da wuri, shi ya sa ake riƙe mutum aƙalla sa'o'i 24 ana maimaitawa. Bayan an yi allura, ana sake gwaji a sa'a ta shida. In har yanzu bai daskare ba, a ƙara.

Mai harhaɗa magani: Ina so a kula da maganar irin allurar. Ba kowace kwalba da aka rubuta maganin dafin maciji a jikinta ke aiki a kan kububuwarmu ba. Waɗanda aka haɗa da dafin macizan Indiya ba sa kama ta. A wani asibitin karkara a Ghana da aka sauya zuwa irin wannan, mace-mace sun tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin ɗari zuwa kashi 12. Waɗanda aka yi da dafin macizan Najeriya su ne EchiTAb-G, na kububuwa kaɗai, ana farawa da kwalba ɗaya, da EchiTAb-Plus da ake yi a Kosta Rika, mai haɗa kububuwa, kasa da kumurci, ana farawa da kwalba uku. Yaro da babba awo ɗaya ne, domin maciji bai rage dafi don yaro ne ba. Ta jijiya ake bayarwa, da adiranalin a kusa saboda wasu jikinsu kan yi bore. Don ciwo, farasitamol kaɗai. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, haka allura a ɗuwawu tana tara jini a nama. Asibitin saran maciji na Kaltungo da na Zamko kusa da Langtang sun saba da wannan aiki. Tun yanzu kowane gari ya bincika asibitin da ke kusa mai ajiye allurar, ba sai an yi sara ana yawo da mutum ba.

Hajiya mai kiwon kaji: Ku yi mana bayanin kumurci, shi ne ke shigo mana akurki.

Malamin gona: Hajiya, ƙwai, 'yan tsaki da ɓeraye ke jawo shi. Yana tofa dafi a ido daga tazarar mita biyu. In ya samu ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, ana buɗe fatar idon, minti 15 zuwa 20. In babu ruwa, madara ma ta yi. Kada a murza, kada a ɗiga ruwan ganye, a je a duba idon. Da dare yana shiga ɗaki ya sari mai barci a tabarma, kuma saransa na ruɓar da nama. Gado mai tsayi da gidan sauro da aka cusa a ƙarƙashin katifa suna karewa ƙwarai. Gamsheƙa kuma numfashi take kamawa: in fatar ido ta fara faɗuwa, haɗiyar yawu ta gagara, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai, a yi sauri.

A gona, kububuwa tana ƙarƙashin tarin kara, dami, harawa da duwatsu. A juya da sanda ko fartanya kafin a sa hannu. Yawancin sara a ƙafa ne daga idon sawu zuwa ƙasa, don haka dogon takalmin roba ya fi silifa nesa ba kusa ba. In ka ji ƙara kamar ana soya abu a mai, ita ce ke goga jikinta, ka ja da baya. Da magariba a riƙe tocila. Kasa ba ta gudu, takan kwanta a kan hanya.

Makiyayi: Amma akwai waɗanda suka sha sassaƙe suka warke.

Ma'aikacin jinya: Akwai, Baba. Wani macijin ba mai dafi ba ne, wani kuma ya sara bai zuba dafi ba, ko ba a sha komai ba za a tashi. Da ido ba a bambance su, sai gwajin jini. A yi addu'a a kan hanya, amma a kama hanyar.

Mai gona: Shi macijin fa, sai an kashe an tafi da shi?

Mai ɗakin gwaji: Ba dole ba ne, alamomi da gwaji sun isa. Hoto daga nesa da waya ya wadatar. In an riga an kashe, a ɗauka da sanda a sa a bokiti mai murfi, domin kan da aka datse yana iya sara ko bayan sa'a guda.