Mai zane ko mai sassaƙa: na wa ne kambun dariya?

Malam Garba:
Sallama gare ku, ku matso kusa,
A 1865 birnin Munich na Jamus ya buga,
Littafin zanen Wilhelm Busch na yara 'yan ɓarna,
Max da Moritz, ba su jin magana.
Da zarto suka raunata gadar tela,
Ya taka, ya faɗa rafi ya sha.
Albarushi a lofen malami suka ɗura,
Ya kunna, gashi ya tafi, sai baƙar fuska.
Ni kam mai zane na bai wa kambun dariya.

Asabe:
Malam Garba, ka tsallake gwani,
Busch a kan katako ya ja fensiri,
Wani ya duƙa da ƙarfe mai tsini,
Yana kwashe fari, yana barin baƙi.
Itace mai tauri, an yanko shi a gicci,
Hagu ta koma dama kamar a madubi.
Hannu ya kuɓuce, tela ya rasa hanci,
Ba a sharewa, sai a yi wa itacen faci.

Ɗanjuma:
Baba, Yaya, ku bar ni in raba gardama,
Thomas Bewick na Newcastle a Ingila,
Shi ke zane, shi ke sassaƙa.
Littafin tsuntsaye a 1797 ya fara,
Ƙarshen babi ya kan saka 'yar tsokana:
Yara sun hau duwatsun kabari suna sukuwa.

Malam Garba:
Yaro, gwani guda ka kawo mana,
Bayansa aikin ya rabu gida-gida.
Mujallar Punch a Landan, 1841 ta fara,
Tenniel ya zana, Swain ya sassaƙa.
In hoto babba ne, a rarraba itacen,
Kowa da guntunsa, a ɗaure da ƙusa.
To wanda ya sami ƙafa da wutsiya,
Ina ya san abin da ke ba da dariya?

Asabe:
Malam, "itacen" ya karya maka amsa-amo,
Ka ga yadda hannu ke kuɓucewa ko?
Koma shafin da aka kai Max da Moritz niƙa,
Sun zama tsaba, a ƙasa an watsa,
Tsabar ta jeru da siffar jikinsu,
Agwagin mai niƙa na tsattsagar rabonsu.
Kowace ƙwaya, wani ya zagaye ta da ƙarfe,
Zanen Busch na kan katako, ƙarfen ya cinye.

Malam Garba:
Ƙanwata, kin kama ni, na sha ƙasa,
Baitina ma yana neman faci, ki kawo ƙusa.