Ƙwayoyin bitamin ɗin nan, in ci gaba da sha ko in haƙura?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 43, ba ni da wani ciwo, sai gajiya da ta addabe ni. Wata bakwai ke nan ina shan bitamin mai haɗe-haɗe, da man kifi, da wani shayi da aka ce yana wanke ciki. Abin da na gani kawai fitsarina ya koma rawaya sosai, gajiyar kuwa tana nan daram. Ku ba ni shawara don Allah.

Mai Jinya:
Wa'alaikumus salam Yaya. Rawayar nan bitamin B2 ce, jiki ya ɗebi abin da yake buƙata ya zubar da saura. Ni gajiyar ce ta fi damuna. Ki je a gwada jininki, a duba ƙarancin jini da suga. Waɗannan ƙwayoyi giɓi suke cikewa, in akwai giɓin. Mai neman haihuwa ana ba ta bitamin folik asid maikirogiram 400 kullum, don kare lakar jariri. Wanda ya daɗe yana shan metformin, maganin ciwon suga, kan samu ƙarancin bitamin B12. Shayin kuma ki ajiye shi yau ɗin nan, da yawansu maganin zawo ne a ciki, hanta da ƙoda ba sa jiran shayi kafin su tace jini.

Malamin Kimiyya:
Gaskiya ta faɗa miki, Hajiya. A 2018 an fitar da sakamakon binciken VITAL a Amurka, kan manya kusan 26,000. Bitamin D da man kifi ba su rage kamuwa da ciwon daji ba. Binciken ƙasar Finlan na 1994 ya fi tayar min da hankali: masu shan taba da aka ba beta karotin, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi kamuwa da dajin huhu. A Amurka ma hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ba ta tantance ingancin waɗannan kayayyaki kafin su shiga kasuwa.

Dattijo:
'Yata, ni ganau ne. Ina kan warfarin, maganin hana daskarewar jini, na fara shan wata ƙwaya mai bitamin K, ban gaya wa likita ba. Da aka gwada jinina, ya riƙe takardar ya yi shiru, sannan ya tambaye ni me na ƙara. Ashe ƙarfin maganina take ragewa. Duk abin da kike sha, ki zuba a jaka ki tafi masa da shi.

Maman Biyu:
Na gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya. Dama al'adata tana min yawa tun bara, ban taɓa kawo ta a lissafi ba. Litinin in Allah ya yarda zan je gwajin, da kwalaben duka.