Shawarwarin iyaye mata a Jidda kan cutar bulimiya

A wata tattaunawa da iyaye mata Hausawa suka yi a Jidda, an yi ittifaƙi cewa ba a gane bulimiya daga ƙiba ko rama, domin mai ita takan ci abinci fiye da kima a ɓoye, sannan ta jawo amai ko ta sha maganin wankin ciki. A lura da kumburin kumatu, zaizayewar haƙora, da garzayawa banɗaki da zarar an gama cin abinci. Yawan amai yana rage sinadarin fotasiyam har bugun zuciya ya rikice, saboda haka a ga likita ko a kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya. Gori, a ganina, ɓoyewa kawai yake ƙarawa. Zama da likitan ƙwaƙwalwa, wani lokaci tare da fluoxetine, wani maganin ciwon damuwa, shi ne mafita.