Masu jinyar iyaye masu gigin tsufa, ku ma kun fara mantuwa?

'Yar Fari: Shekara huɗu ke nan ina jinyar mahaifiyata. Ta kai ba ta gane ni sai na yi magana, wani lokacin ma da sunan ƙanwarta da ta rasu take kirana. Amma ba ita ta kawo ni nan ba, ni ce na fara ba kaina tsoro. Shekaranjiya na birkice ɗaki kaf ina neman wayata, alhali tana kunnena ina magana da yayana. Makon jiya kuwa na kasa tuna ko na ba Mama maganin safe, sai da na zazzage kwalbar a kan gado na ƙirga ƙwayoyin. Shekarata 46. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Baban Biyu: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba da lada. Na yi shekara uku da Baba. Shi da dare yake tashi, wai zai tafi wurin aikin da ya bari tun ina yaro, don haka a bakin ƙofarsa nake shimfiɗa. In na samu barcin awa uku na gode Allah. Wata rana na tsaya gaban na'urar cirar kuɗi, lambar katin da na yi shekaru ina dannawa ta ɓace min fes. Likita ya sa na zana agogo, ya faɗa min kalmomi biyar ya ce in maimaita bayan ɗan lokaci, duk na kawo. Abin da ya gano hawan jini ne, ni ban ma san ina da shi ba. Bayan rasuwar Baba da kamar wata shida kaina ya dawo daidai.

Anti Nas: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na riƙe surukata shekara biyu ina haɗawa da aikin dare, don haka na san wannan hazon da ke rufe kai. In mutum ya shiga damuwa, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadarin kotizol. Na ɗan lokaci amfani yake yi. In ya daɗe yana zuba, sai ya gajiyar da sashen ƙwaƙwalwa mai adana sabon abu, wanda ake kira hifokamfas. Shi ya sa kike tuna wasan yarinta amma ki manta maganin da kika bayar ɗazu.

Sannan akwai maikurogiliya, ƙwayoyin garkuwa na cikin ƙwaƙwalwa, kusan ɗaya cikin goma na ƙwayoyinta. Su ne masu shara da gadi a lokaci guda: suna kwashe matattun ƙwayoyi, suna cinye wani furotin mai suna amiloyid da ke taruwa a cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, suna kuma datse mahaɗar jijiyoyin da ba a amfani da su. Damuwa mai tsawo kan bar su a tunzure, kamar mai gadin da ya kwana bakwai bai runtsa ba, kowa ya gifta sai ya kai masa sanda. Sai su riƙa haddasa kumburi, sharar ta ragu, datsewar ta wuce gona da iri.

Auta: Anti, kin ƙara tayar min da hankali. Kenan duk mai jinya ya kama hanyar cutar? Ni wata takwas kacal na yi da kakata, amma har na fara saka makulli a firij.

Anti Nas: A'a ƙanena, kwantar da hankalinka. Yawancin abin da aka gani kan damuwa da maikurogiliya a jikin ɓeraye aka gan shi. A mutane kuwa, a birnin Gotenbag na Suwidin an bi wasu mata tun 1968 har shekara 35, aka ga waɗanda suka sha fama da damuwa a tsakiyar rayuwa sun fi kamuwa da gigin tsufa. Haɗarin ne ya ƙaru, ba wai duk sun kamu ba. Gado ma da nasa: a 2013 aka gano wani sauyi a ƙwayar gadon TREM2, mai aiki a jikin maikurogiliya, yana ninka haɗarin Alzheimer kusan sau uku. Ni abin da ya fi damuna da mu masu jinya shi ne abin da damuwar ke jawowa. Kwamitin mujallar likitoci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, masu alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na masu gigin tsufa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, ciwon baƙin ciki, kaɗaici da rashin motsa jiki. Ka duba mai jinya da kyau, sai ka tarar ya kwashi uku bai sani ba.

Baban Biyu: Kaɗaicin nan gaskiya ne. Abokai sun yi ta kira har suka gaji suka bari.

'Yar Fari: Na gode muku ƙwarai. Na kira Yaya na karanta masa abin da kuka rubuta, ya yi shiru, can ya ce zai karɓi daren Juma'a da na Asabar. Shekara huɗu ban taɓa buɗe baki na roƙe shi ba, ina ganin kamar gazawa ce. Talata zan je a auna jinina. Bari in je, na ji motsin Mama, tana taɓa ƙofa.