Shaho ya addabi 'yan tsakina, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina zaune a Rijiyar Zaki, ina da kajin gida da nake saki a tsakar gida su yi kiwo. Matsalata shaho. Duk kazar da ta ƙyanƙyashe, kafin 'yan tsakin su fara fiffike ya kwashe fiye da rabi. Yana sauka kan darbejiyar maƙwabta ya yi lamo, da hantsi ya yi sai ka ji uwar ta ɗau kyarkyara, kafin ka fito ya sure ɗaya ya tashi. Manyan kam bai taɓa su ba.

Na rina su da jar galura kamar yadda Hajiyarmu ta ce, launin na koɗewa ya dawo. Na kulle su a akurki, amma abinci ya yi tsada, sai suka rame.

Don Allah wanda ya taɓa rufe tsakar gida da raga, ta waya da ake samu a Ƙofar Ruwa ta fi, ko ta kamun kifi ma ta wadatar? Kuma sai sun kai wata nawa ake sakinsu?