Ina neman inda za a riƙe mini ɗana na kwana 7 a Jos

Assalamu alaikum. Ina zaune a Unguwar Rogo. Ɗana shekararsa 13, yana da lalurar galahanga, ba ya magana sai nuni da hannu. Ƙarar Keke Napep ko ta janareta tana firgita shi, ya toshe kunne yana buga kansa da bango. Tuwo ma ba ya ci sai a cikin wani koren kwano guda ɗaya, kuma in aka bar ƙofa a buɗe sai titi.

Likita ya ce sai an yi mini tiyata, za a kwantar da ni kamar kwana 7. Sau biyu ke nan ina ɗaga ranar saboda rashin wanda zan bar masa yaron.

Na ɗauki 'yar aiki, kwana biyu ta yi ta haɗa kayanta bayan ya cije ta a hannu. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya koya mata. Mahaifiyata tana fama da ciwon ƙafa, ba ta iya bin sa. Makarantarsa ƙarfe 1 suke tashi, ba su da wurin kwana. Babansa direba ne a hanyar Bauchi. Har an ba ni shawarar gidan mari. Wallahi ko zan mutu da ciwon nan ba zan bari a sa masa sarƙa ba.

Don Allah, akwai wanda ya san cibiya ko ƙwararriyar mai jinya a Jos ko Bukuru da za ta riƙe irin wannan yaro dare da rana na mako ɗaya?